Sabuwar Hanyar Talabijin: Abin da Mai Saye Ya Kamata Ya Sani

Ko wace shekara idan kaka ta yi, aka sayar da amfanin gona, kuɗi suka shigo hannu, a kan sami magidanta da su kan tafi birni don sayen akwatin talabijin. Waɗansu saboda iyali, waɗansu kuwa don su buɗe gidan kallon ƙwallo. Da sun shiga kasuwa sai mai shago ya tare su da kalmomi. Ya ce wannan dijital ne, wancan HD ne, naka na gida kuwa kwanansa ya ƙare. Mutum ya tsaya yana gyaɗa kai, kunya ta hana shi tambaya, ya ƙirga kuɗin da ya yi damina guda yana nema ya miƙa.

To, 'yan'uwa, wannan darasi zai warware muku kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Ku karanta a hankali. In kun gamu da harafin da ya ba ku wuya, ku tambayi malamin ajinku.

YADDA HOTO KE ZUWA GIDA

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Na Kaduna ya biyo baya cikin 1962. A 1977 aka kafa hukumar NTA, ta haɗa tashoshin ƙasa wuri ɗaya. Duk tashoshin nan hanya ɗaya suka bi wajen aika hoto. Su kan kafa dogon ƙarfe, su sako hoto da murya cikin iska, eriyar da ke bisa gorarka ta kama, akwatinka ya nuna. Sunan tsohuwar hanyar nan analog.

Kowa ya san halinta. In gidanka na kusa da tasha, hoto ya fito sosai. In ka yi nisa sai ya cika da ɗige-ɗige fari da baƙi, kamar an watsa gero a kan gilashi, murya kuma tana shuuu. Wani lokaci ka ga mai karanta labarai ya zama biyu, shi da inuwarsa. Sai a tura yaro waje yana juya gora, na ciki suna ihu, "Ya yi! A'a, koma baya!"

Dalilin haka shi ne analog kamar saƙon baki ya ke. Ka tsaya a wannan gaɓar kogi kana ƙwala wa ɗan'uwanka magana a waccan gaɓa. Iska ta kwashe rabi, ƙarar ruwa ta shiga ciki. Abin da ya isa kunnensa, shi ke nan abin da ya samu. Ba shi da hanyar raba muryarka da ƙarar ruwa.

Dijital kuwa kamar wasiƙa ne. Ku da ku ke koyon karatu za ku fi kowa gane wannan. In an rubuto maka takarda, ko tawada ta ɗan kwanta, ko takarda ta yi ƙura a aljihun direba, muddin kana iya bambanta "b" da "d", to, ka sami saƙo cikakke. Kana ma iya ɗaukar sabuwar takarda ka kwafe shi tsaf, ba ƙura ba datti. Haka dijital ya ke yi. A tasha a kan mai da hoto da murya su zama lambobi. Haruffan wannan rubutu biyu ne kurum, 0 da 1. A kan aiko su miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Na'urar da ke gidanka ta karanta su, ta sake zana hoton sabo. Har ma a kan ƙara waɗansu lambobi na gyara, don in kaɗan sun ɓace a hanya na'urar ta gane abin da ya ɓace ta cike gurbin, kamar yadda mai karatu ya kan gane kalma ko da harafi ɗaya ya goge.

Amma ku lura da wani abu. In wasiƙa ta faɗa ruwa ta jiƙe sharaf, ba abin da za a karanta. Mai saƙon baki ya kan tsira da rabi, mai wasiƙa kuwa ko ya sami duka ko ya rasa duka. Saboda haka a dijital ba hoto mai ɗige-ɗige. Ko dai ya fito tas, ko ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai ya tsaya cik, ko gilashi ya yi baƙi. Mutumin ƙauye mai nisa da ya saba kallon hoto dishi-dishi yana haƙuri, in aka koma dijital yana iya samun hoto mai kyau ƙwarai, yana kuma iya rasawa ɗungum. Abin da zai raba gardama shi ne tsawon gorarsa da kyan eriyarsa.

DON ME AKA SAUYA?

Kada ku zaci saboda kyan hoto kaɗai gwamnatocin duniya suka ta da wannan aiki. Babban dalili shi ne wuri.

Iska tana da hanyoyi, kuma hanyoyin nan ƙidayayyu ne, kamar rumfunan kasuwa. Rediyo yana da nasa, jiragen sama suna da nasu, wayar hannu tana da nata. A tsohuwar hanya tashar talabijin guda ta kan cinye rumfa guda ita kaɗai. A dijital ana iya zuba tashoshi goma sha wani abu, har zuwa ashirin, cikin rumfar nan guda.

Yaya a ke yi? Ana danne hoton, kamar yadda a ke danne auduga a gidan gurza ta zama dila. Ga misali. Talabijin irin namu ya kan nuna hoto 25 cikin ko wace daƙiƙa, suna bin juna da sauri, shi ya sa ido ya ke ganin motsi. To, mai karanta labarai yana zaune, bango na bayansa. Bakinsa ne ke motsi, bango kuwa yana nan yadda ya ke. Analog ya kan aiko bangon nan sau 25 ko wace daƙiƙa. Dijital sai ya aiko shi sau ɗaya, daga nan ya riƙa aiko abin da ya sauya kurum. Kun ga an rage kaya da yawa.

Wannan aiki na dannewa da warwarewa ya kan ɗauki ɗan lokaci. Shi ya sa in ana wasan ƙwallo, mai sauraro a rediyo ya kan riga mai kallo ihu. Ba laifin akwatinka ba ne.

Rumfunan da suka zama fanko kuwa ba a bar su haka nan ba. Kamfanonin waya suna neman su ido rufe, don da su a ke kai intanet wurare masu nisa. A Nijeriya ma, cikin 2015, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ba kamfanin MTN wani yanki na hanyoyin nan a kan kuɗi, don a sami abin gudanar da aikin sauyin.

Akwai kuma maganar maƙwabta. Iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Abin da aka sako a Katsina ba zai tsaya a kan iyaka ya nuna takarda ba kafin ya shiga wajen Maraɗi. In ƙasashe ba su shirya tsakaninsu ba, tashar wannan sai ta hau kan ta wancan. Don haka cikin 2006 ƙasashe fiye da 100 na Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka taru a birnin Janiba, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka raba hanyoyin. Suka sa ranar 17 ga Yuni, 2015, ta zama wa'adi. An ƙara wa waɗansu ƙasashe lokaci zuwa 2020 a kan wani kashi na hanyoyin. Ma'anar wa'adin ita ce, bayan ranar, ƙasar da ta ci gaba da analog ba ta da bakin ƙara in tashar maƙwabciya ta dame ta.

Amurka ta kashe manyan tashoshinta na analog a Yunin 2009. Kafin nan gwamnatinsu ta raba wa gidaje takardun rangwame na dala 40 don sayen dikoda. Ingila ta gama a Oktoban 2012. A Afirka, Tanzaniya ta fara kashe nata a birnin Darussalam a ƙarshen 2012, Ruwanda kuwa ta gama cikin 2014.

A NAN GIDA

Nijeriya ta fara sa wa kanta wa'adin 2012, bai yiwu ba. Na 2015 ya wuce, na 2017 ma haka. Aikin yana cin kuɗi, ga sababbin na'urorin tasha, ga dikoda ta miliyoyin gidaje. An ƙaddamar da gwaji a Jos a Afrilun 2016, da sunan FreeTV. Abuja ta biyo baya a Disamban 2016. Ilori da Kaduna suka samu a ƙarshen 2017, Inugu da Oshogbo a farkon 2018. Daga nan aka yi shiru sai 2021, aka buɗe na Legas a watan Afrilu, na Kano a watan Nuwamba.

Ku duba sunayen nan, duk manyan birane ne. A ganina nan ne aikin ya gaza wa mutanen karkara, waɗanda su ne suka fi shan wahalar tsohon hoto. Yin bikin buɗewa a babban birnin jiha bai nuna saƙon ya iso ƙauyenku ba. Saboda haka kada kowa ya sayi dikoda don ya ji a rediyo an buɗe. Ya fara zagawa ya ga ko akwai wani a garinsu, ko garin da ke kusa, da ya kafa tana yi masa aiki.

Ban da na gwamnati, akwai kamfanoni masu dijital na biya, irin su StarTimes da ya fara a Nijeriya cikin 2010, da GOtv cikin 2011. Waɗannan a kan biya su wata wata, in kuɗi sun ƙare su rufe yawancin tashoshi. Mai saye ya tambaya tun a shago, "Bayan kuɗin dikoda, me zan riƙa biya, kuma yaushe?" Ko FreeTV da sunansa ke nufin kyauta, an sa masa ɗan kuɗin shekara tun da aka fara.

Rediyonku kuwa ba ruwansa da wannan sauyi. Ku ci gaba da sauraronsa hankali kwance.

TSOHON AKWATI BAI MUTU BA

Ga inda a ke yawan cutar mutane. Tsohon akwati mai doro bai iya karatun lambobi ba, gaskiya ne. Amma wanda bai iya karatu ba, in an aiko masa wasiƙa, ba ƙaura ya ke yi ba. Ya kan nemi mai karanta masa. Dikoda ita ce mai karatun nan. Ƙaramar na'ura ce, ba ta kai girman littafin nan biyu ba. Wayar eriya ta shiga cikinta, ita kuma ta miƙa wa akwati hoto ta waya mai kai uku: rawaya ta hoto, ja da fara na murya. Ka duba bayan akwatinka, in akwai ramuka masu launin nan, to, ka huta. Kuɗin dikoda bai kama ƙafar kuɗin sabon akwati ba.

Dikoda iri biyu ce, kuma nan karatunku zai yi muku rana. Ku duba jikin kwali.

In an rubuta DVB-T2, wannan ta eriya ce. Tana kama saƙon da ya taso daga dogon ƙarfen tasha a ƙasa. Irin wannan Nijeriya ta zaɓa. In an rubuta DVB-T kurum, babu 2 a ƙarshe, tsohon yayi ce, ba za ta karanta sabon saƙo ba.

In an rubuta DVB-S2, wannan ta faranti ce, wanda a ke kira dish. Tana kama saƙo daga tauraron ɗan'adam da ke can sama, nisan kilomita wajen 36,000. Shi tauraro ba ruwansa da nisan ƙauye daga birni, ko dutse ya tare. Muddin faranti na kallon inda ya kamata, hoto zai zo. Aibinsa shi ne in hadari ya haɗu, ruwa ya sauko da ƙarfi, hoto ya kan ɗauke sai an ɗan tsagaita. Ga ƙauyen da ke nesa da tasha, faranti shi ne abin dogara.

Ku kama harafin: T ta eriya, S ta faranti. Ɗaya ba ta yin aikin ɗaya. Waɗansu sababbin akwatuna suna da mai karatun a cikinsu, za ka ga an rubuta DVB-T2 a kwali ko a takardar da ke baya. Amma tashoshin da aka kulle, sai da dikodar masu su.

MENE NE HD?

Yanzu mu zo ga kalma ta biyu. Mutane da yawa su kan ɗauka dijital da HD abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Dijital hanyar aikowa ce. HD kuwa laushin hoton ne.

Ku ɗauki hula biyu. Ɗaya an yi mata ɗinki da zare mai kauri, tsalle-tsalle, an gama cikin kwana kaɗan. Ɗaya kuwa mai ɗinki ya zauna mata wata da watanni da siririn zare, allura kusa da allura. Zanen iri ɗaya ne, girman hula ɗaya, amma ko daga ina ka duba ka san ta biyun ta fi fitowa. Hoton talabijin ma ɗinki ne. In ka matsa kusa da gilashi ƙwarai za ka ga ƙananan ɗigo jere sahu sahu. Yawansu shi ne laushin hoto.

Ga lissafi, ku gwada a allo. Hoto na yau da kullum yana da sahu 576, ko wane sahu ɗigo 720. In ka ninka, ɗigo 414,720 ke nan. Ƙaramin HD yana da sahu 720, ko wane sahu ɗigo 1,280, watau 921,600. Cikakken HD yana da sahu 1,080, ko wane sahu ɗigo 1,920, watau 2,073,600. In ka raba wannan da na farko za ka sami 5 daidai, ba saura. Akwai kuma wanda a ke kira 4K, shi kuwa ya ninka cikakken HD sau 4.

To, kafin mutum ya ga HD da idonsa, sai abu huɗu sun haɗu. Tasha ta aiko shirin da HD. Dikoda ta zama mai iya karanta HD. Wayar da ta haɗa dikoda da akwati ta zama irin wadda a ke kira HDMI, mai faffaɗan baki guda ɗaya, domin waya mai kai uku ba ta ɗaukar HD ko kaɗan. Sa'an nan gilashin akwati ya zama yana da yawan ɗigon. In ɗaya ya faɗi, sauran ukun aikin banza ne.

Na sha ganin gidan kallo da ƙaton akwati shafaffe, na kuɗi masu yawa, an haɗa shi da waya mai kai uku. Mai gidan yana ta mamakin yadda fuskokin 'yan wasa suka yi dishi-dishi, har ma sun fi muni bisa ga yadda su ke a tsohon ƙaramin akwati. Dalili a fili ya ke. An ɗauki ɗigo kaɗan an baza su a kan babban gilashi, kamar a shafa man ludayi guda a babban faranti. Wayar HDMI guda, wadda kuɗinta ba su taka kara sun karya ba, ita ce maganin, in dai tashar da dikodar na HD ne.

A shago kuwa su kan kunna wa akwati wani hoto na musamman da aka adana a ciki, na furanni da tsuntsaye. Ba shi za ka gani a gida ba. Ka ce a sa maka tashar da ka saba kallo.

Shin kowa na bukatar HD? A'a. In akwati ƙarami ne, kuma ana zaune nesa da shi a tsakar gida, ido ba ya raba ƙaramin HD da cikakke. Mai ɗaki ɗaya da iyali, akwati mai inci 24 ko 32 ya ishe shi, kada ya biya kuɗin ɗigon da ba zai gani ba. Mai gidan kallo da babban gilashi, shi ne HD ke yi wa amfani, don na gaba su ga lambar riga, na baya su ga ƙwallo. Shi ma 4K ɓarnar kuɗi ce gare shi in tashoshin da ya ke kamawa ba su aiko da shi.

Amfanin da na fi gani ga shafaffen akwati a ƙauye shi ne wuta. Irin wanda aka rubuta wa LED ba ya cin wuta kamar mai doro da ya ke daidai girmansa. Ga mai sola da batir, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

IN ZA KA KASUWA

Ka tafi da takarda da fensir. Ka rubuta haruffan nan tun daga gida: DVB-T2 ko DVB-S2, da HDMI, da 720 ko 1080. In ka ga an rubuta HD Ready, yawanci ƙaramin HD a ke nufi. In an rubuta Full HD, shi ne 1080. Kada ka tsaya ga abin da aka liƙa a gaban gilashi, ka juya baya ka karanta takardar kamfani, ka ƙirga ramuka da idonka.

Ka yi hattara da na gwanjo. Akwatin da aka yi don Amurka ko Japan yana karanta wani irin rubutu dabam da namu, eriya ba za ta kama masa tashoshinmu kai tsaye ba. Ban da haka wutarsu 100 zuwa 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 240. In takardar baya ba ta nuna yana ɗaukar 240 ba, kana sa shi a wuta zai ƙone. A kunna maka kaya a gabanka, a rubuta maka rasit da sunan shago da kwanan wata, ka karanta kafin ka fita.

In ka kawo gida, ka ɗaga eriya sama da rufin ɗaki, ta fuskanci garin da tasha ta ke. Cikin dikoda akwai wurin da ke nuna ƙarfin saƙo da lamba ko da sanda mai tsawo. Mai juya gora ya juya a hankali, ya riƙa tsayawa, domin dijital ya kan ɗan jinkirta kafin ya nuna. Inda lamba ta fi yawa, nan za a ɗaure. Kada a kafa gora kusa da wayar lantarki. In hadari ya taso da walƙiya, a cire wayar eriya da ta wuta tun kafin ruwa ya sauko.

Wanda kuma ya sayi sabo, tsohon mai doron ya lalace, kada ya bar wa yara su fasa, kada kuma a jefa shi a wuta don neman jan ƙarfe. Gilashinsa yana da dalma, ita kuwa guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara lahani. Cikinsa kuma ya kan riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an kashe shi. A kai wa mai gyara, ya ciri abin da zai yi masa amfani.